Ihun Yara Da Aka Kawo Wuta

Jama'a, yau murnar yaran unguwa ta kusa raba ni da matata!

Ruwan safe ya malalo mana cikin gida a Malali, har idon sawu. Muka shiga kwalfewa. Hajiya ta ce, "Abban Amira, ka cire fis ɗin lantarki kuwa?" Na ce, "Ina amfani? Rabonmu da wuta tun makon jiya."

Tana tsakiyar falo da bokiti, sai ihun yara daga waje: "An kawo wuta!"

Wayar firji tana cikin ruwan! Hajiya ta ƙame, ko ƙara ba ta yi ba. Na ruga daga baranda na fizge fis ɗin. Ta faɗi.

Muna asibiti. Ta farfaɗo, amma hannunta na dama bai motsa ba tukuna. Likita ya ce mu jira. Ku taya mu addu'a.