Mako Ukun da Baba Ya Roƙa

Ina cikin aji a garin Malam Madori, da alli a hannuna, ƙanwata Hadiza ta kira ni a waya. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe ina fargabar wannan kira.

Mahaifinmu, Malam Sale, manomin shinkafa ne a fadamar Haɗeja. Shi ke kiran gayya duk shekara a ƙauyenmu don yanke kacalla, ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa. Shi ne farkon shiga ruwa da lauje, shi ne ƙarshen fita. In wani ya noƙe don gonarsa ta riga ta sha, sai Baba ya ce, "Ruwan da ya bi ta ƙofarka amanar na bayanka ne." Ban taɓa ganin ya taɓa abincin gayya ba sai kowa ya sa hannu.

Shekara biyu da suka wuce aka yi masa aikin ciwon daji a gefen harshe, a Kano. Da ya samu sauƙi, likita ya sa shi cikin masu wani gwaji. Lokaci-lokaci akan goga ɗan buroshi a cikin bakinsa, a duba wasu alamomi da ke mannewa a ƙwayar halitta, waɗanda kan nuna ciwon na shirin dawowa tun ido bai ga komai ba. Baba yakan yi dariya ya ce shi kaɗai ne a ƙauye ke zuwa Kano yin asuwaki.

Gwaji na huɗu ya nuna alama. Ni likita ya kira, ya ce in kawo shi cikin makon. Na tarar da Baba a bakin ruwa yana wasa lauje, dattawa na zaune kewaye da shi.

Na durƙusa na ce, "Baba, sun ce ciwon yana iya dawowa. Gobe mu tafi."

Ya buɗe baki ya nuna mini. "Kai ka ga wani abu? Ni ba na jin komai. Na riga na kira gayya, shukar mutanen da ke ƙasa da mu tana bushewa. Wanda ya kira gayya ai ba ya aiko wakili. Ka ba ni mako uku."

Na yi shiru. Ɗa ba ya musu da uba a gaban mutane, kuma in faɗi gaskiya, ni ma na fi yarda da idona fiye da takardar likita. Kacalla ta yi taurin kai a bana, mako uku suka zama wata biyu. Ranar da muka isa Kano, ido ma ya gani.

Likita bai ce jinkirin ne sanadi ba, kuma na san ajali ba ya wuce ranarsa. Amma shirun nan nawa yana cin zuciyata har yau. A kwanakinsa na ƙarshe, da magana ta gagare shi, na nemi gafararsa ina kuka. Ya miƙa hannu ya karɓi biro, ya rubuta da ajami a bayan katin asibiti: "Ni na roƙa, kai biyayya ka yi."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba mahaifiyarmu da ƙannena haƙurin rashinsa. Ni kuma, ya Allah, Ka yafe mini kamar yadda ya yafe mini. Amin.