Dutsen Kawu Sale

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi zamanin da aka canza kuɗi zuwa naira ya san Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata. Ba ya wuce dutse sai ya ɗauka, ya tofa masa yawu, ya duba layukan jikinsa, ya ce, "Kai ma dā laka ne, rage girman kai."

Bari in bi abin daki-daki.

Da farko, wani malamin makaranta ya gaya masa yadda wani irin dutse yake samuwa: ruwa ya kwaso yashi da laka ya zube, wani ya hau kan wani, nauyi ya danne su har su manne. Shi ke nan! A lokacin katangar gidansa ta zube, duk mai wucewa yana ganin matarsa Inna Kande tana tuƙa tuwo. Maimakon ya gina, sai ya haƙa rami a tsakar gida, ya jera yashi da lakar kududdufi hawa-hawa, ya shimfiɗa tabarma, ya zauna a kai. Wai dutsen harsashin katangar yake haɗawa.

Na biyu, baƙi. In mai ƙiba ya zo, har fura ake dama masa don ya daɗe a kan tabarmar. Ni da nake siriri kuwa sai ya ce, "Tashi, ɗan nan, zamanka asara ne."

Malamin ya zo da kansa. "Baba, abin nan fa sai shekaru dubbai bisa dubbai!"

"To ka ga gara da na fara da wuri."

Na uku, Inna ta gaji da idon jama'a, ta yi yaji zuwa gidan yayanta a Tarauni. Kawu ya tafi biko da curi guda daga ramin, wai shaida. Yayan ya danna yatsa, yatsa ya nutse.

"Malam Sale, wannan ne dutsen?"

"Bai nuna ba ne, Alhaji."

Kai, wauta! Mu dangi muka sayi bulo muka ja katanga, sannan Inna ta dawo. Har ya rasu bai taɓa jingina da katangar ba, wai dutsen gaggawa ne.

Bayan sadakar arba'in na kawo shebur zan kwashe shirmen. Na tarar da Inna zaune a kan tabarmar tana tsince shinkafa.

"Mayar da shebur ɗinka," in ji ta. "In na tashi, wa zai danna masa?"

Allah ya jiƙan Kawu. Ya daɗe yana danne ƙasa. Ya Allah, kada ka bar ƙasa ta danne shi. Amin.