Ƙanƙarar da ke Bangon Gwaggo

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokin tafiyata mai barci kamar biyansa ake yi. Da muka kammala Umara, muka bar masaukinmu na Aziziyya, inda tsadar shayi ke sa mutum azumin nafila, muka nufi unguwar Ka'akiyya gaida ƙanwar babana da ta tsufa a Makka.

Gwaggo ta cika mu da shinkafa da kaza, amma idona na kan bango. Wani tsohon hoton kalanda ne: fili fari fat, tudu-tudu, inuwa shuɗiya, sama ruwan hoda. Ni malamin zane ne, nan take na gane shi. Aikin masu zanen arewacin Turai ne, waɗanda suka je Faransa suka koyo fita fili a kama haske da ɗigon burushi kafin ya gushe, suka koma gida suka gwada a kan ƙanƙarar ƙasarsu.

Ita kuwa Gwaggo a wajenta Muzdalifa ce, alhazai kwance cikin harami, gari na wayewa. A irin wannan safiyar mijinta ya rasu a can, har tudun da yake kwance takan nuna. Jikarta, wadda Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, ta dage cewa ƙanƙara ce, a cire a rataya agogo.

"Ɗan nan, kai ne masani," in ji Gwaggo. "Raba mu."

Ba zan yi ƙarya a Makka ba, gaskiyar kuma za ta ƙwace mata mijinta. Na ce ta ba ni zuwa gobe.

Da sassafe muka je Muzdalifa. Ba lokacin Hajji ba ne, babu kowa sai tsakuwa da fitilu. Na cire tabarau, komai ya narke. Ƙasa ta yi fari, inuwar duwatsu ta yi shuɗi, sama ta yi ruwan hoda. Sai da na yi hawaye.

Na koma na ce, "Gwaggo, ƙanƙara ce. Amma hasken asuba mutumin ya zana a kanta. Na je na duba, shi ne na Muzdalifa."

Ta daɗe tana shafa tudun nan. "Allah sarki, ashe har can irin namu gari ke waye musu. Khalas, shi ke nan, a bar mini Alhaji inda yake."

Na dawo Kano da dabino da zamzam da sabuwar ɗabi'a. Yanzu in na ɗaga wa ɗalibai hoto, kafin na faɗi ƙasar mai zanen, nakan fara tambaya wa suka gani a ciki.