Fistin da Bai Girma Ba

Injin niƙan nan nawa ne, kada a ce na mijina Malam. Shanuna na gado na sayar na kafa shi a zaurenmu na unguwar Adarawo, zamanin da Maiduguri ce babban birnin jiharmu.

Ana saura kwanaki Sallah ya soma hayaƙi, ba ƙarfi. Makanike ya kwance shi, ya ce silinda ta cinye, sai an kai ta Jimeta an yi mata borin, wato a fafe cikinta kamar ƙwarya, a sa sabon fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikinta, mai lamba goma. Ya ja kunne cewa a bar tsakaninsu tazara kamar silin gashi, don ƙarfe in ya ji zafi yana kumbura.

Kumburar nan kaɗai mijina ya ji. Shi Malam mutumin Borno ne, mai karatu, amma bai taɓa saya wa ɗa abu daidai jikinsa ba. Riga har ƙasa, takalmi a cusa tsumma, wai yaro zai girma ya cike. Shi ya ɗauki silindar zuwa Jimeta. Ya sayi fistin goman kamar yadda aka ce, sannan ya tsaya kan mai borin sai ya fafe har faɗin lamba talatin. Mutumin ya ƙi, Malam ya jawo masa aya, ya ce Allah ba ya son masu tauye mudu.

Da makanike ya zura fistin, sai ya faɗa ciki yana lilo kamar taɓarya a turmi.

"Goggo, wa ya yi wannan aika-aika?" in ji shi.

Na nuna masa Malam da baki. Malam ko a jikinsa, wai ai ya bar masa wurin girma ne, in ya so a naɗa masa tsumma kafin nan.

Fistin talatin babu shi a Jimeta, sai Jos. Ina zaune ina kallon matan unguwa suna wucewa da dawarsu zuwa injin wata can gaba, wasu har da yi mini sannu. Ni mai inji, da turmi na daka garin Sallata. Kafin fistin ya iso sun saba da can, da yawansu ba su dawo ba.

Ƙaramin fistin kuwa Malam ya hana a mayar, wai zai yi amfani wata rana. Ga shi can yana tare mini ƙofa. Jikokina sun yi aure, shi har yau bai girma ba.