Baba Ya San Abin da Kowa Yake Ji

Ku da kuka san mahaifina, Malam Goni na Bolewa, kun san tsohon littafin labarin nan da ya shekara talatin yana koyarwa a sakandare, wanda bangonsa ya sha ɗinki da zare. Ko da ya yi ritaya bai bar mu mun huta ba. Da mun ci abincin rana sai ya buɗe shi.

"Hajara, an ce matar ta juya baya ta gyara ɗankwali. Me take ji?"

"Ɗankwalin ne ya zame, Baba."

"Ke, shashasha! Baƙin ciki ne! Marubuci ba ya faɗa, mai hankali ke ganowa."

To da abin ya tsaya a littafi da sauƙi. Maƙwabcinmu Malam Buba ya shigo gaisuwa yana sosa ƙeya, Baba ya ce, "Na gani, nadama ce ta kawo ka. Na yafe." Bawan Allah ya ce, "Wallahi Malam, wanzami ne ya yanke ni."

Wata Babbar Sallah kuma a kara, kasuwar dabbobi, ya zaɓi rago don ya ga ya sunkuyar da kai. "Dubi tawali'u!" Bai rufe baki ba ragon ya kai shi ƙasa. Ya tashi yana kaɗe riga: "Kunya ce ta yi masa yawa."

Mun sha dariya. Har shekarar da Iya, mahaifiyata, ta daina cinye tuwonta, in za ta tashi sai ta dafa bango.

Na ce, "Baba, mu kai ta asibiti."

"Fushi take, don na hana ta zuwa biki Gadaka. Na san matata. Za ta huce."

Wata bakwai yana jira ta huce. Bai taɓa cewa, "Falmata, ina ke miki ciwo?" ba. Ita kuma ba mai faɗa ba ce. Ranar da muka kai ta, likita ya ce ƙoda ce, kuma mun makara.

Baba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Shekara shida ya yi a duniya bayan rasuwarta, kullum da hantsi sai ya share ƙofar ɗakinta da kansa, ya hana kowa taɓa tsintsiyar.

Ni dai har yau ban gama yafe masa ba. Ya Allah, kada Ka jira ni. Ka gafarta wa Baba, Ka haɗa shi da Iya a Aljanna, ya tambaye ta da bakinsa.