Mazaunin Malam a Tabarmar Kaka

Yanzu da yatsuna suka daina jin magana, idan na ɗauki kaba ta suɓuce, sai in tuna da kakata Ta-Allah. A ƙauyenmu na gefen Azarori duk mace tana saƙar tabarma, amma ta gidanmu ba ta ɓuya. Ko an cika ta da ja da baƙi, a tsakiya sai an bar wuri fari, ba rini, daidai zaman mutum guda. Shi muke kira mazaunin Malam.

Lokacin ɗari, bayan an ci tuwo, mukan kewaye wutar kara. Kaka ba ta ba da labari hannu sake. Kowa da ɗan damin kabarsa jiƙaƙƙe, wanda ya tsaya da saƙa, labari ya tsaya. Gizo da kura duk mun sha su, amma in za ta ɗauko na Malam sai ta gyara lulluɓi.

"Wagga ba gatana ta ba," in ji ta. "Ku yi salati, waliyyi za mu ambata."

A wata shekarar yunwa, wani malami ya gangaro daga arewa da gorarsa, duwatsun Adar sun tsattsage masa ƙafa. Ya bi gida gida, kowa ya amsa sallama daga ciki, don mai baƙo sai ya ciyar. Wata tsohuwa ce kawai ya tarar a waje, tana saƙa tun safe ba ta sa komai a baki ba. Ta ce ba ta da hatsi, tabarmar ma ba ta gama ba. Ya ce haka nan ta ishe shi. Ta shimfiɗa, ya zauna, barci ya kwashe shi. Da ya tashi, wurin da ya zauna rinin ya fita fes. Ya ɗaga hannu ya ce duk wanda aka shimfiɗa wa irin wannan tabarma, Allah ya sauke masa gajiya. Ya ɗauki gorarsa ya wuce.

Ni dai labarin bai taɓa gamsar da ni ba. Ina jiran rumbu ya cika, ko rijiya ta ɓullo, shiru. Wata rana na kasa haƙuri.

"Kaka, to ita tsohuwar mi tas samu?"

"Ciwon baya," in ji ta, tana dariya. "Ke dai saƙa, ɗiyata. In kin girma kya ji."

Na girma, na ji ciwon bayan. Maigidana ya yi shekaru yana tafiya biɗa, wato ci-rani, a Abijan, daga baya ya kwanta ciwo, ya rasu. Gona, ruwa, yara, duk a kaina. Da dare saƙa, ranar kasuwa in ɗora a kai zuwa Madawa, inda tabarmar roba ta cika rumfuna. Ban taɓa fasa barin farin wurin ba. Na shimfiɗa wa surukai, na shimfiɗa wa masu gaisuwar mutuwa, suna tashi suna cewa sun ji daɗin jikinsu. Ni kuwa na sha zama a kan tawa, gajiyar ko gezau. Gaskiya har na ji haushin Malam. Na ce a raina ya yi wa kowa addu'a ya manta da mai saƙa.

Abin da ya fi damuna ɗiyata Rabi. Ta yi lakwal, karatun boko ke nan, tana aiki a asibiti, kuma tun tana ƙarama ta ce kaba na yanka mata hannu. Ban matsa mata ba, na san wahalar. Amma da sanyin ƙashi ya kama ni bara, na ga mazaunin Malam zai bi ni kabari, abin ya tsaya mini a rai, ban faɗa wa kowa ba.

Da Sallah ƙarama Rabi ta zo a kan kabu-kabu, da wani abu naɗe a baya. Ta warware shi a tsakar gida. Tabarma ce, gefe guda ya fi guda tsawo, ɗinkin duk ya karkace, da Kaka na raye da ta sa an kwance. Amma ga farin nan a tsakiya.

"Inna, zamna," ta ce. "Kada ki duba ɗunkin. Tun lokacin girbi nike fama da ita."

Na kama hannunta, duk yankan kaba. Na zauna. Ban san sa'ad da na jingina da bango ba, sai kiran la'asar na ji.

Ashe Malam bai manta da kowa ba. Cewa ya yi wanda aka shimfiɗa wa, ni kuma duk tsawon rayuwata ni ke shimfiɗawa. Tsohuwar nan ta labari nake tunani yanzu, ko ta samu wanda ya ce mata zauna. Kaka ma ban taɓa ganin an ce mata ba.