Babur ɗin da Ya Raba Kwano

Matso nan, jawo kujerar can ta bakin murhu, in ba ka labarin wani babur. Ban taɓa hawansa ba, kar ka ɗauka na san inji. Ni mai zaman gida ce, karatuna bai wuce allo ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ko daka nake, in mutum ya taka zaure na san wane ne, na kuma san ko da fushi ya shigo.

A shekarun farko da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato, muna zaune a Wara. Maigidana fataucin kifi yake, shi da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ranar da aka kawo ni gidan, kwano ɗaya nake zuba musu tuwo, su ci a zaure. In bazara ta yi, ruwan Kainji yakan ja da baya, ya bar rairayi da tuddan da iska ta tara tsakanin gari da inda masunta ke sauke kifi. Mota in ta shiga sai ta kafe. Jaki kuwa, kafin ya iso kifi ya fara wari.

Sai maigida ya je Yelwa ya dawo da babur mai ƙafa huɗu, tsohon hannu, wai daga Kwatano aka shigo da shi. Lokacin ƙanen yana kudu, ya kai banda. Ni ta kafar zana na leƙa abin, tayoyi kamar turame. Kukansa na ranar nan ina riƙe da shi har yau: mai kauri, a natse, kamar ɗan maraƙin da ya ƙoshi.

Washegari da hantsi na ji zarto na cin ƙarfe a zaure. Maigida ne ya rage tsawon salansa, wato bututun hayaƙi, ya kuma huhhuda akwatin da iska ke bi ta shiga inji, wai ya ƙara ƙarfi, a kuma ji zuwansa tun daga bakin ruwa. Ya sa aka yi waldar ƙarfen ɗora kwanduna a baya. Ya sa baduku ya ɗinka rigar fata aka lulluɓe injin kaf, kar rairayi ya shiga. Da ya tayar, kuka ya canja. In ya sassauta totur sai ka ji tas-tas-tas kamar ana gugguru. Haka ƙanen ya dawo ya tarar da shi.

Suka raba aiki: ƙane da safe, maigida bayan azahar. Ƙane ya je ya dawo lafiya lau. Maigida kuwa, in ya loda kifi ya kama hawan babban tudu, sai inji ya ɗau zafi, ya yi tari, ya mutu. Ko yawu ka tofa masa sai ya yi cuu. Ya zauna cikin rana yana jira ya huce, ƙudaje na zagaye kwanduna. Yau haka, gobe haka.

Ran nan ina jin su a zaure.

"Kai, mi kake zuba ma wanga abu da safe?"

"Mai mana, Yaya. Ko kunu kake so in ba shi?"

"To don mi ba ya mutuwa hannunka?"

"Ƙila ya fi son hannuna."

Wasa ya yi, amma wasan ya faɗi inda bai kamata ba. Daga nan maigida ya fara shinshina tanki. Ya karɓi kallabina yana tace fetur da shi. Ya zargi mai sayar da mai a kwalba, ya canja wani. Ya kai wa mai gyaran injin kwale-kwale, shi kuwa ya ce a gauraya baƙin mai cikin fetur yadda suke yi wa nasu. Babur ya yi ta hayaƙi, zafi bai ragu ba. Aka ɗaura laya a hannun babur. Aka sa wa murfin tanki kwado. Sai wani maƙwabci mai dogon baki ya raɗa masa cewa ƙane so yake yayansa ya gaji da abin ya bar masa shi kaɗai.

Da la'asar ɗin ranar ya leƙo madafa ya ce, "Daga yau raba kwano."

Na ɗauko mara na zuba tuwo kwano biyu. Kuma zargi ciwo ne mai yaɗuwa. Ni kaina na riƙa duba gwangwanin sukarina, don na ji ana cewa sukari cikin tanki yana kashe inji. In ƙanen ya shigo gaishe ni, sai in kalli yatsunsa. Yaron da ke ce mini matar Yaya, yana tsokanata wai miyata ba gishiri, ya koma sallama daga bakin ƙofa ya juya.

Da na tsaya na yi tunani, sai kunnena ya ƙi yarda. Na ce wa maigida, "Malam, kukan nan fa tun ranar zarto ya canja, ƙanenka ma bai dawo ba."

"Ke da ba ki san gaban babur da bayansa ba?"

Na koma madafa. Amma kashegari, ƙane na bakin ruwa a ƙafa don an hana shi makulli, na ji ƙwanƙwasar ƙarfe a zaure, a hankali, irin ta wanda ba ya so a ji. Na ji ana murɗa waya. Aka tayar, wani abu ya faɗi ƙwal, aka kashe, aka yi tsaki. Da yamma kwano biyu na zuba, bai ce a haɗa ba.

Ƙane ya fara ɗaure kayansa, wai zai haye tsallaken ruwa ya zauna. Nan Inna, mahaifiyarsu, ta tashi. Ta ce, "Ku ɗora wagga tsiya cikin mota ku kai Yelwa, ku biyu. Wanda ya ƙi, ban yafe ba."

Abin da ya faru can, ƙanen ne ya ba ni labari. Bakanike ya kwance fulogi, ya ga bakinsa fari fat kamar toka. Ya ce yunwa inji ke ji, iska ta yi masa yawa, mai ya yi kaɗan, shi ya sa yake ƙuna in ya ɗau kaya cikin rana. Ya buɗe kafireta ya ciro wani ɗan guntun tagulla mai huda kamar ta allura, jet suke ce masa, ta nan mai ke bi. Ya sa mai faɗin huda, babur ya yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi kunkunniya. Ya cire ya sa matsakaici, tas-tas ɗin ya ɗauke. Ya yage rigar fata ya ce, "An taɓa lulluɓa wa mai gudu a rana bargo?" Sannan ya shafa bakin salansa ya ce, "Wa ya yanke wannan?"

Maigida ya ce, "Haka na saye shi."

"Kin ji, matar Yaya," in ji ƙanen, yana dariya, "ashe mutanen Kwatano suka cuce mu, muna nan muna cin naman juna."

Na ci gaba da tuƙin tuwona, ban ɗaga kai ba.

Babur ya hau tudu da kifi, rana tsaka, bai ko yi tari ba. Da yamma maigida ya leƙo, idonsa na kan katanga, ya ce, "Zuba a guda." Ƙane ya kwance kayansa. Haƙuri dai ba wanda ya ba wani.

Da kaka na shiga rumbu ɗiban dawa, hannuna ya taɓa ƙarfe. Guntun salansar nan ne, da waya naɗe a bakinsa. Ga shi can, da shi nake hura wuta. Maigida ya sha ganinsa a hannuna, bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa wa ƙanen ba, su kuwa kwanonsu ɗaya har Allah ya raba.

To kai da ka ji, ranar da yake murɗa wayar nan a zaure, ya kuma bar ni na zuba kwano biyu, ya san ƙanensa ba shi da laifi, ko bai sani ba?